Tseren Dutsen Kamaru: Hawa Da Wuya, Sauka Ta Fi Wuya

Duk wanda fatauci ko aikin gwamnati ya taɓa kai shi kudancin ƙasar Kamaru, ya bi hanyar motar da ta tashi daga Duwala ta haye kogin Mungo ta nufi Tiko da Limbe, in ya yi sa'a ranar gari ya washe, labudda ya hangi wani abu baƙi ya tokare sararin yamma, kamar hadarin da ya haɗo bai zubar ba. Wannan shi ne Dutsen Kamaru, wanda mutanen wurin, watau kabilar Bakweri, suke kiran ƙololuwarsa Fako. Tsawonsa ya haura mita 4,000 daga bakin teku, watau ya zarce ƙafa 13,000, kuma tun daga Senegal har zuwa Kamaru babu dutsen da ya kamo shi. Don mai karatu ya kwatanta, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi na Jihar Taraba, shi kuwa mita 2,419 ne kawai.

To, a kan wannan dutse ne ake yin wani tsere sau ɗaya a shekara, galibi cikin watan Fabrairu. Maza da mata su tashi daga garin Buea da ke gindinsa, su hau har ƙololuwa da ƙafa, sa'an nan su juyo su sauko inda suka tashi, duk kafin azahar ta wuce. Tafiyar da matafiyi mai lafiya yakan yi cikin kwana biyu, tare da ja-gaba da ɗan dako, gwanayensu sukan gama ta cikin kimanin sa'a huɗu da rabi. Yau hanyar wannan tsere za mu bi zango zango, don mu ga irin ƙasar da take ratsawa, mu kuma gane dalilin da ya sa masana dutsen suka fi jin tsoron saukarsa bisa ga hawansa.

Dutse Mai Rai

Kafin mu kama hanya ya kamata a san irin dutsen da za a taka. Ya bambanta da Dala ko Kufena, waɗanda suke zaune shiru tun kaka da kakanni, domin shi dutse ne mai aman wuta, kuma wutarsa ba ta mutu ba. A ƙarƙashinsa akwai narkakken dutse, wanda in ya taru ya matsu sai ya fasa gefen tsaunin ya kwararo kamar dalmar da aka narka, yana cinye ciyawa da itace, har ya huce ya daskare ya koma baƙin dutse mai kaifi. Ya yi irin wannan aman a 1909, da 1922, da 1954, da 1959, da 1982, da 1999, da kuma 2000. Na 1999 ya soma a ƙarshen watan Maris, narkakken dutsen ya yi ta gangarowa sannu a hankali ta cikin daji da gonakin kwakwar manja, har cikin Afrilu ya datse hanyar motar bakin teku kusa da ƙauyen Bakingili, ya tsaya saura kaɗan ya faɗa ruwa. Tulin yana nan har yanzu, baƙi suna zuwa kallo.

Dutsen kuwa yana da 'yan'uwa. Masana ƙasa sun nuna cewa yana cikin wani jeri ne na duwatsun wuta wanda ya taso tun daga tsibiran teku, irin su Sawo Tome da Biyoko, ya hau tudu ta nan, ya bi tsaunukan Bamenda da tudun Adamawa, har reshensa ya kai tudun Biu a Jihar Borno. A cikin wannan jeri ne tafkin Nyos yake, wanda a daren 21 ga Agusta 1986 ya saki wata iska mai shaƙe numfashi, ta hallaka mutane fiye da 1,700 da dubban shanu. Ashe dai mutumin Biu da mutumin Buea tushen ƙasarsu ɗaya, ko da yake na Biu ya daɗe da yin sanyi.

Me ya sa mutane suke zama a gindin irin wannan abu? Amsar tana cikin ƙasar noma. Tokar dutsen in ta daɗe ta ruɓe takan zama ƙasa mai albarka ƙwarai, ga kuma ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A Debundscha, gefen dutsen da ke fuskantar teku, ruwan shekara yakan kai milimita 10,000, watau ya ninka na Kano sau goma ko fiye. Wannan ya jawo Jamusawa suka ƙwace filayen suka kafa manyan gonaki, waɗanda har yau ake noman ayaba da roba da kwakwar manja da ganyen shayi a cikinsu. Ba su sami wurin a ɓagas ba. A 1891 Bakweri, ƙarƙashin sarkinsu Kuva Likenye, suka fatattaki rundunar Jamus, sai a 1894 aka ci su. A 1901 Jamusawa suka mai da mazaunin gwamnansu daga Duwala zuwa Buea saboda sanyinta, gidan gwamnan kuwa yana tsaye har yanzu. Bayan Yaƙin Duniya na Farko yankin ya koma hannun Ingila, aka haɗa mulkinsa da na Nijeriya, har zuwa ƙuri'ar 11 ga Fabrairu 1961, inda kudancin ya zaɓi Kamaru, arewacin kuma ya zaɓi Nijeriya ya zama Lardin Sardauna. Saboda haka akwai lokacin da ma'aikacin gwamnati zai iya samun takardar canjin wurin aiki daga Legas ko Inugu zuwa Buea, bai kuwa fita ƙasa ba.

Asalin Tseren

An fara wannan tsere a 1973, kamfanin Guinness ne ya ɗauki nauyinsa a shekarun farko, shi ya sa har yau ake kiran hanyar da sunan kamfanin. Daga 1996 hukumar wasannin guje-guje ta Kamaru, a zamanin shugabancin Kanar Hamad Kalkaba Malboum, ta karɓi ragamarsa, aka sa masa suna Tseren Kyakkyawan Fata. Nisan tafiyar, zuwa da dawowa, kimanin kilomita 38 ne. Masu shiga sukan kai ɗaruruwa, yawancinsu 'yan ƙasa, tare da baƙi daga Kenya da Turai da wasu wurare. Akwai rukunin manyan maza da na mata, su ne masu kaiwa ƙololuwa, akwai kuma na matasa da na dattawa, waɗanda suke juyowa daga ƙasa ƙasa. A 'yan shekarun nan kyautar wanda ya zo na ɗaya ta kai saifa miliyan 10, abin da zai gina wa manomi gida ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Don haka ga yawancin masu gudun nan al'amarin neman abinci ne, kamar yadda falke yake ɗaura kaya ya nufi Gwanja.

Bakweri kuma suna da tasu al'adar game da dutsen. A tatsuniyarsu akwai wani mai gadinsa da suke kira Efasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse, wanda suka ce ya yarda baƙo ya ci abin da ya samu a kan dutsen amma kada ya ɗebo ya sauko da shi. Kafin ranar tsere dattawansu sukan yi bikinsu na gargajiya a gindin dutsen.

Daga Fili Zuwa Zangon Farko

Da sassafe ake tashi daga filin wasa na unguwar Molyko, can ƙasan gari. Buea gari ne da aka shimfiɗa a jikin gangare, babban titinsa kuwa miƙe yake ya nufi dutsen, hawa ne tun daga farko har ƙarshe. Masu gudu sukan bi wannan kwalta kilomita da dama, jama'a sun yi dafifi dama da hagu, ana kiɗa ana shewa, masu tsire da masu gasa ayaba suna ciniki. Nan ne tarkon farko yake. Ƙafa tana da sauran ƙarfi, titi sumul, ga idon jama'a, sai baƙon da bai san dawan garin ba ya saki jiki ya wuce kowa. Tsofaffin hannu kuwa sukan bar shi ya tafi, don sun san za su tarar da shi a gaba yana haki.

A saman gari, wajen gonakin gidan yari, kwalta take ƙarewa, a tsawon da ya ɗan haura mita 1,000. Daga nan sai 'yar siririyar hanya ta ratsa gonakin gwaza da ayaba ta shige kurmi. Kurmin nan duhu gare shi, itatuwa dogaye, gansakuka ta lulluɓe rassansu, saiwoyi sun kwanta a hanya kamar igiyoyi, ƙasa kuma da santsi ko da rani. Tun 2009 gwamnatin Kamaru ta mai da yawancin dutsen gandun daji na ƙasa. A cikinsa akwai giwayen kurmi ta gefen yamma, da birai, da wata irin fakara wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai nan, da wani itace da ake saye ɓawonsa a kai Turai don haɗa maganin ciwon mafitsara na dattawa maza. Mai gudu dai ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, idonsa yana kan inda zai sa ƙafa. A cikin kurmin ne zangon farko yake, wata 'yar bukka a tsawon kimanin mita 1,850, inda ake ba da ruwa.

Inda Gudu Yake Komawa Rarrafe

Jim kaɗan bayan zangon farko kurmi yake yankewa, kamar an sa wuƙa. Mutum ya fito daga duhu sai ya ga fili fetal, ciyawa tsibi tsibi a kan baƙin dutse, babu inuwa. Da rani maharba sukan sa wa ciyawar wuta, sai gangaren ya koma baƙi ƙirin, toka tana tashi a kowane taku. Tsakanin nan da zango na biyu, wanda yake a kimanin mita 2,800, shi ne wurin da ya fi ko'ina tsayuwa a duk hanyar. Ba mai iya gudu a nan, komai gwanintarsa. Sai dai mutum ya dafa gwiwoyinsa da hannu yana tura jiki, wani wurin ma ya kama ciyawa ya ja kansa. In ya ɗaga kai ya ga wani tudu ya ce ai ga ƙarshen, yana isa sai wani ya bayyana a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Abin mamaki, dutsen da yake shan ruwan sama haka ba shi da ruwan sha a samansa. Daskararren dutsen wuta huda huda ne kamar soso, ruwa yana sauka sai ya nutse, ba ya fitowa sai can ƙasa a matsayin maɓuɓɓuga. Saboda haka duk ruwan da masu gudu za su sha a zangunan sama, 'yan dako ne suke hawa da shi a ka tun kafin ranar.

Daga zango na biyu zuwa na uku, wanda yake a kimanin mita 3,750, tsayuwar gangaren takan ɗan ragu, amma sai wasu abokan gaba biyu su fito, sanyi da ƙarancin iska. Kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan sauka da kimanin digiri 6, saboda haka wanda ya bar Molyko yana gumi zai iske sama da sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu a Jos, ga iska tana kaɗawa ba abin da ya tare ta. Sa'an nan a tsawon mita 4,000 iskar da mutum yake shaƙa kimanin kashi 60 ne cikin 100 na wadda yake samu a bakin teku. Zuciya ta yi ta bugawa, kai ya yi nauyi, wani ya ji jiri, wani ya yi amai. Matafiyi mai kwana a hanya jikinsa yakan ɗan saba, amma mai tsere ya hau fiye da mita 3,000 cikin sa'a uku, jikin bai sami zarafin sabawa ba. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin masu cin gasar suke fitowa daga tsaunukan Bamenda da Kumbo da Nkambe, inda yaro yake tashi yana hawa da sauka da kaya a ka, ko yana bin shanu, a ƙasa mai tudu.

Ƙololuwar kanta ba ta da wani ado. Tulin baƙar tsakuwa ce da toka, ciyawa ma ta haƙura, ramukan tsofaffin amai suna kewaye. Ranar da gari ya washe akan hangi teku, da dutsen tsibirin Biyoko a tsakiyar ruwa. A ƙarshen 1861 zuwa farkon 1862 Baturen Ingila Richard Burton ya hau nan tare da Bajamushe masanin tsirrai Gustav Mann, a 1895 kuma Mary Kingsley ta hau, duk suka koma gida suka rubuta labari. Mai tsere kuwa ba ya ko zama. A rubuta lambarsa, ya juya.

Sauka

Wanda bai sani ba zai ce ai an gama mai wuyar, saura gangara. Nan ne kuskuren yake. Wajen hawa, in mutum ya gaji sai ya rage sauri, dutsen ba zai ture shi ba. Wajen sauka kuwa nauyin jikinsa ne yake jansa, cinyoyinsa su ne birki, kowane taku sai sun tare jikin gaba ɗaya, alhali kuwa sun riga sun sha aikin sa'a uku. Irin wannan aikin birki ya fi hawa cin tsoka, shi ya sa ƙafa takan soma rawa, ta ƙi bin umarnin mai ita. Ga tsakuwar dutsen wuta tana mirginawa ƙarƙashin takalmi, in kuwa mutum ya faɗi, dutsen yana yanka kamar fasasshiyar kwalba. Da wuya a ga wanda ya iso ƙasa ba jini a gwiwa ko a tafin hannu.

Gwanayen wurin suna da tasu dabara. Ba sa ja da baya da jiki don tsoro, domin mai yin haka shi ne ƙafarsa take zamewa. Sukan saki jiki gaba kaɗan, su riƙa taku gajere gajere da sauri, hannuwa a buɗe kamar mikiya, ido yana kan taku uku ko huɗu da ke gaba. Inda toka take da laushi sai su zurma dunduniya su sulale. Hanyar da ta ci musu wajen sa'a uku a hawa sukan sauko ta cikin kimanin rabin wannan lokaci. Sau da yawa wanda ya riga kowa taɓa ƙololuwa ba shi yake riga kowa shiga fili ba.

Bayan dutse sai kurmi da saiwoyinsa masu harɗe ƙafar gajiyayye, bayan kurmi sai kwaltar nan da aka bi da safe. Yanzu rana ta take, mutumin da ya fito daga sanyi ya faɗo cikin zafi da gumi, jikinsa ya ƙare ruwa, ga titi mai tauri yana dukan gwiwa a kowane taku. A waɗannan kilomitoci na ƙarshe ne ake gane wanda ya yi tanadi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mutumin da Buea take tunawa in ana maganar wannan tanadi mace ce, Sarah Etonge, 'yar Bakweri, uwar 'ya'ya bakwai, wadda ake wa laƙabi da Sarauniyar Dutse. Ta ci gasar mata sau bakwai, huɗu daga ciki a jere daga 1996 zuwa 1999, na ƙarshe kuma a 2005. Ta taso a gindin dutsen, ta san kowane lungu na hanyar, ta kuma san inda ake kashe ƙarfi da inda ake adana shi.

Akwai kuma labarin da yake sa jiki ya yi sanyi. A gasar 24 ga Fabrairu 2024 wani ɗan Kenya mai suna Charles Kipsang, wanda yake cikin na gaba gaba, jikinsa ya gaza a kusa da ƙarshen hanya. Ya daure ya ƙarasa fili, bayan haka ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Ya hau lafiya, ya taɓa ƙololuwa, ya wuce duk wuraren da ake tsoro, a ƙasa ajali ya same shi. Shekara guda kafin wannan, a 25 ga Fabrairu 2023, wasu abubuwa suka fashe a bakin hanyar cikin gari jim kaɗan bayan an tashi, mutane kusan 20 suka ji rauni, a sakamakon rikicin da ya addabi yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi tun daga 2016. Duk da haka aka ci gaba da tseren a ranar har aka gama.

Ga Mai Niyyar Zuwa

Ba sai mutum ya shiga gasa zai taka wannan dutse ba. Hanyar tseren ita ce mafi gajarta, matafiya sukan kwana a zango na biyu, su taɓa ƙololuwa da safe su sauko. Akwai kuma doguwar hanya ta kwana uku, wadda bayan ƙololuwa take gangarawa ta gefen kudu maso yamma, ta ratsa filayen daskararren dutse da ramukan aman 1999, ta kwana a maɓuɓɓugar da aka sa wa sunan Mann, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ake samun ruwa a sama, sa'an nan ta bi kurmi ta fito a ƙauyen Bokwango. Masu sha'awar gudun daji sukan bi ta su ma, don ta fi sauƙin gangara, ta kuma fi nuna aikin wutar. Lokacin da ya dace shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tilas a nemi izinin hukumar gandun a ɗauki ja-gaba, domin hazo yakan rufe dutsen farat ɗaya, hanya ta ɓace. A tafi da rigar sanyi da takalmi mai ƙarfi da isasshen ruwa, a kuma bincika halin zaman lafiyar yankin kafin a ɗaura kaya.

Shawarar da ja-gaban dutsen sukan ba baƙo ita ce ya raba ƙarfinsa da ruwansa biyu tun daga ƙasa, rabi na hawa, rabi na sauka, kada ya taɓa na biyun komai daɗin da hawan ya yi masa. Mai karatu da yake riƙe da jari a kasuwa, ko yake zaune kan kujerar ofis, ya san inda wannan magana ta dosa ba sai an yi masa fassara ba. A Buea dai ba a ba kowa kyauta a ƙololuwa. Kyautar tana can ƙasa, a filin da aka tashi, sai wanda ya dawo da ƙafarsa yake karɓa.